Yadda Mai Falet Ya Kafu

Tunda mu ya mu ne, kuma Alhaji ya sa an ƙaro gawayi a kaskon shayi, bari in amsa tambayar da kuka sha yi mini a kan ɗan uwan nan nawa mai falet. Ba sai na kama sunansa ba, kun san shi, wasunku ma sun je ɗaurin aurensa. Shi da kansa ya ce in ba ku labarin in ta kama, don babu abin ɓoyo a cikin neman halal. Sai dai akwai wurare biyu da nake so maganar ta tsaya a kan tabarmar nan, in na zo kansu zan gaya muku.

Kafinta ne tun asali. A 'Yan Katako na Na'ibawa ya yi koyo, hannunsa kuma yana da kyau. Da ubangidansa ya yaye shi sai ya tarar da abin da kowane sabon kafinta ke tararwa a Kano: katako daga kudu yake zuwa, kafin ya iso ya sha kuɗin mota da na hanya, wanda ba shi da jari sai dai ya zauna jiran mai aiki ya kawo kuɗin kaya. Yana cikin wannan zaman ne aka kira shi gyaran ƙofa a wata masana'anta a Sharaɗa. A bayan sito ya hangi tulin katako ya kusa kamo katanga, falet ne, irin shimfiɗar nan da ake jera buhuna ko kwalaye a kai, motar ɗaga kaya ta zura yatsunta biyu a ƙarƙashi ta ɗauke gaba ɗaya. Lokacin hunturu ne, masu gadi na ɓalla suna jin ɗumi. Ya ɗauki guda ya juya shi, ya ga farin katako ne mai laushi, busasshe ƙayau, wanda ba ya lanƙwasa bayan an yi aiki da shi. Ya tambaya ko na sayarwa ne. Manaja ya ce ya ba da abin da ya sawwaƙa ya kwashe, shi dai a share masa wuri.

Kuɗin adashin mahaifiyarsa ya ranta, ya yi hayar masu kura, aka zube masa kayan a wani kango kusa da gidansu. A lokacin idon kafinta kawai yake kallonsu da shi. Ya wuni yana ɓamɓare allo daga jikin gungume, yana zare ƙusa yana miƙar da ita, ya haɗa benci na masu shayi, teburin mai tireda, akurkin kaji, allon makarantar Islamiyya. Yana samun na cefane. Amma wahalar ta fi ribar, don a ɓamɓara kusan rabin allunan suke tsagewa, ƙusar falet kuwa mai murɗe ce, an yi ta ne don kada ta fita.

Wani attajirin riɗi a Dawanau ne ya juya masa tunani. Damina ta shiga sitonsa ta ƙasa, laima ta kama jerin buhunan da ke kan siminti, riɗin ya dunƙule ya yi baƙi. Kun san riɗi ba ya son danshi ko kaɗan, mai saye daga waje kuma da zarar ya ji warin ruma ya fasa. Mutumin ya zo wajen ɗan uwana don ya yi masa katakon da zai ɗaga kaya daga ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan falet ɗin da ba a kai ga wargazawa ba. Ya ce, “Wannan nake so, yadda yake, kada ka taɓa shi.” Kuɗin da ya biya a kan guda ɗaya ya fi abin da ake samu in an wargaza shi an yi benci, ga shi babu zarto babu guduma. Daren nan ɗan uwana ya ce bai yi barci ba. Ya gane cewa tun da ya fara, abu mai daraja yake rushewa don ya gina mai araha. Daga ranar ya daina kiran kansa kafinta mai neman katako.

Malam, na ga kana so ka tambayi dalilin da masana'anta za ta yi watsi da abin da wani ke nema da kuɗi. Tambayar tana kan hanya, amsarta kuwa ita ce gindin sana'ar gaba ɗaya. Falet tafiya ɗaya yake yi zuwa wajenmu. Injuna, sinadarai, takarda, tayil, kayan roba, duk a kansa suke shiga kwantena a Sin ko Indiya ko Turkiyya ko Jamus, su sauka Apapa ko Tin Can, tirela ta hauro da su. In an sauke kaya, babu wanda zai biya kuɗin jirgi don mayar da katako fanko. A farkon 2018 ma gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idar cewa kayan kwantena su riƙa zuwa a jere a kan falet don a sauƙaƙa wa kwastam bincike, 'yan kasuwa suka yi ta ƙorafi a kai. A cikin watan Janairun shekarar aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna, ta Dala da ke Zawachiki kuma a Janairun 2023. Duk inda aka fasa kwantena, katako zai taru. A wajen mai masana'anta tarkace ne mai cin fili, mai tara ɓera, mai jiran tartsatsin wuta. A wajen mai sito a Dawanau ko Singa kuwa shi ne tsakanin kayansa da asara. Mutanen nan biyu ba su san juna ba, kuma ba su da lokacin neman juna.

Abin ma ba tsoho ba ne can. A 1939 aka yi wa wasu Amurkawa biyu, George Raymond da Bill House, rajistar fasahar falet mai fuska biyu, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yaɗa shi, saboda sojojin Amurka sun ga yadda mota ɗaya mai yatsu ke sauke abin da zai ɗauki tarin 'yan dako wuni guda. A 1961 kamfanonin jiragen ƙasa na Turai suka daidaita a kan awo guda, santimita 120 da 80, wanda ake kira Yuro. Ɗan uwana ya haddace shi: allo 11, gungume 9, ƙusa 78, nauyinsa wajen kilo 25, yana ɗaukar kilo 1,500. Na Amurka inci 48 da 40 ne. Na Japan da Koriya murabba'i ne, santimita 110 kowane gefe. Akwai kuma mai 120 da 100 da yake yawan zuwa mana.

Kada ku ɗauki lissafin nan a matsayin burga. Shi ne kuɗin. Mai sito na gargajiya da 'yan dako ke yi wa lodi bai damu da awo ba, shi dai kaya su bar ƙasa. Amma kamfanin da ke da kantocin ƙarfe masu hawa da motar ɗaga kaya, in ka kai masa falet masu awo daban-daban ka ɓata masa aiki, wani ya yi wa kanta gajarta ya faɗo da kaya daga sama. Wannan mai sayen ya fi biya, kuma in ya yarda da kai ba ya sauya mutum. Wanda ya tara ɗari iri ɗaya, awo ɗaya, ya fi wanda ya tara ɗari uku gauraye.

Saboda haka in ka shiga filinsa yanzu, abin da za ka fara gani shi ne rabe-rabe. Mota na tsayawa, kafin a jera komai, shi ko babban yaronsa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai sayen rago ke buɗe baki ya duba haƙori. A taka tsakiya a ji ko yana lotsawa. A kifa shi a duba allunan ƙasa, don nan ne yatsun mota ke fasawa. A ƙwanƙwasa gungume a ji ko gara ta cinye cikinsa. A sunsuna. Lafiyayye ya tafi layin farko. Mai allo ɗaya ko biyu a karye ya tafi wajen gyara. Wanda ya fi ƙarfin gyara a wargaza shi, allunansa su zama kayan gyaran na biyu, abin da ya rage kafintoci su saya. Guntaye su tafi wajen masu itace, garin zarto masu kaji su kwasa, ƙusoshin da suka lanƙwashe a tara a buhu 'yan gwangwan su auna a kilo. Akwai kuma wani tuli can kusurwa, an kewaye shi da waya, wanda ba a sayar wa kowa don girki. Zan zo kansa.

Ku dubi gefen gungumen falet da ya fito daga waje, za ku ga tambari an ƙona shi a jiki, da wata alama mai siffar zangarniyar alkama, da haruffa biyu na ƙasar da ya fito: CN na Sin, IN na Indiya, DE na Jamus, TR na Turkiyya. Dalilinsa ƙwari ne. A 1996 aka gano wani buzuzu mai dogayen ƙahonni ɗan asalin Asiya yana kashe itatuwa a New York, kuma a cikin katakon ɗaure kaya ake kyautata zaton ya shiga ƙasar. Irin wannan ɓarna ce ta sa a 2002 ƙasashe, ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15: duk katakon da zai ƙetare iyaka da kaya sai an kashe abin da ke cikinsa. Sanannun hanyoyin biyu ne. Ko a gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, a buga masa HT. Ko a turara shi da iskar guba ta methyl bromide, a buga masa MB. Tarayyar Turai ta hana amfani da wannan iskar tun 2010, amma wasu ƙasashen suna yi har yanzu.

Ɗan uwana bai yi karatun boko mai nisa ba. Wani tsohon ma'aikacin fiton kaya ne ya zaunar da shi ya karanta masa tambarin nan, shi kuma ya riƙe. Mai MB ba ya sayar da shi ga gidan burodi ko mai tsire ko mai yin gadon yara. Amma abin da ya fi tsoro, kuma ina ganin ya yi gaskiya, shi ne wanda tambari ba zai gaya maka ba: falet ɗin da ya ɗauki durom ɗin sinadari ya yoyo a kansa. A Challawa da Sharaɗa akwai majemu da masu fenti da masu roba, katako kuma yana shanye abin da ya zuba masa. In ya ga tabo shuɗi ko kore ko mai maiƙo, ko ya ji wari mai hawa kai, kusurwar nan mai waya yake tafiya. Daga can sai mai ɗora bulo ko ƙarfe. Wata mai abincin sayarwa ta taɓa yi masa magiya ya sayar mata da araha don itace ya yi tsada. Ya hana ta, ya ɗebo mata guntayen masu tsabta kyauta. Ita ce daga baya ta haɗa shi da mijin ƙanwarta, wanda ke kula da siton wani kamfanin lemo.

To, ga wuri na farko da na ce maganar ta tsaya nan. Da ya fara suna, wani sitokifa na wata masana'anta, ba zan faɗi wacce ba, ya same shi ya ce yana da sababbin falet masu yawa, zai ba shi a rabin kuɗi, amma da dare za a zo, kuma babu takardar fita. A lokacin yana cikin matsi, matarsa ta kusa haihuwa, ga wani mai saye yana jiran kaya. Ya ce mini ya yi kwanaki abin na cin ransa. Ƙarshe ya je ya sami mahaifiyarsa, ba don neman fatawa ba, don ya san hukuncin, sai don ya ji wani ya faɗa masa da baki. Ta ce da shi, “Kuɗin adashina na ba ka, ba na sata ba.” Ya koma ya ce wa mutumin shi da rana yake ciniki, da rasit mai hatimin kamfani. Mutumin ya sami wani ya sayar wa. Ba a daɗe ba aka yi ƙidayar kaya, asiri ya tonu, 'yan sanda suka bi sawun motar har filin wancan. Na san wanda abin ya faɗa wa, yana da iyali, har yau bai dawo daidai ba, shi ya sa ba na son a yaɗa. Tun daga lokacin ɗan uwana yake da babban littafi: ranar da kaya suka shigo, daga ina, guda nawa, lambar mota, sunan wanda ya sa hannu a ƙofa. Manajoji suna magana da juna. Littafin nan ya buɗe masa ƙofofin da dillali ba zai buɗe ba.

Da wannan akwai batun shuɗin falet. Wani lokaci a cikin kayan waje za ka ga guda an shafa masa shuɗin fenti, an rubuta CHEP. Ya fi saura ƙwari, ido na ganinsa yana so. Kamfanin a Ostireliya ya samo asali, daga kayan ɗaga kaya da sojojin Amurka suka bari bayan yaƙi, kamfanin Brambles ya saye shi a 1958. Haya suke ba da falet ɗinsu, ba sa sayarwa, a jikinsa ma an rubuta mallakarsu ne. Alhaji, kai da ka yi karatun fiƙihu ka san hukuncin tsintuwa: abin da mai shi ya rubuta sunansa a kai bai zama naka ba don ya yi nisa da gida. Tsintacciyar mage ba ta mage. In shuɗi ya shigo cikin lodi, ɗan uwana yakan ajiye shi gefe ya gaya wa masana'antar da ya fito, su san yadda za su yi da mai shi.

Girman sana'ar bai zo ta yawan saye ba. Ya zo ne ranar da ya daina zuwa ƙofar masana'anta a matsayin mai roƙon a sayar masa, ya koma mai ɗauke musu nauyi. Ya ce wa wani manaja a Bompai, “Ranka ya daɗe, kowace Asabar zan zo, mai kyau da marar kyau duk in kwashe, in bar maka wurin a share. Naku na aiki da suka karye kuma in gyara a nan, a biya ni a kan guda.” Gyaran nan shi ya zama albashinsa na wata-wata. Sabon falet na malaina ko afara yana da tsada, canza allo biyu kuwa kuɗi kaɗan ne, kamfani ya ga sauƙi, shi kuma ya sami abin biyan yara ko da kasuwar saye ta yi sanyi. Daga kura ya koma hayar a-kori-kura, daga haya ya sayi tsohuwa tasa. Daga kango ya koma fili mai katanga a bakin titi inda babbar mota za ta iya juyawa.

Ya kuma koyi kalandar abin. Kafin ruwa ya sauka, wajen Afrilu da Mayu, masu siminti da masu sukari da fulawa suke tuna laima. Da kaka, in riɗi da zoɓo da waken suya suka fara shigowa Dawanau, sai buƙata ta ninka, kowa yana so yau. Wanda ya sayar da duk abin da ke hannunsa a Agusta zai ciji yatsa a Nuwamba. Amma tara katako ma yana da nasa haɗari. A damina in ba rumfa sai ya yi baƙi ya ruɓe daga ƙasa. A hunturu kuwa busasshen falet da aka jera, iska na ratsa shi ta ko'ina, in wuta ta kama ba ta jiran kowa. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai an yi masa bayani ba. A filinsa ba a shan taba, ba a hura wuta, ana barin hanya tsakanin layi da layi, ga durom-durom na ruwa da yashi a kowace kusurwa.

Cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya taɓa shi sosai, don falet kaya ne mai cika mota ba nauyi, iska kake ɗauka rabi da rabi. Ya zauna ya sake lissafi. Ya daina karɓar kaya daga nesa sai in mai shi zai kawo. Motarsa ba ta fita fanko kuma ba ta dawowa fanko: in ta kai gyararru Dawanau, ta biyo da karyayyu. Ya koya wa yaransa saƙa falet cikin juna, ɗaya a kife ɗaya a miƙe, don lodi ya ƙaru. Wani ɓangaren kuma tsadar ta taimake shi, don da sabon katako ya ƙara kuɗi, waɗanda da suke raina na hannu suka dawo suna nemansa.

Wuri na biyu da nake so ku riƙe shi ne bashi. Wani babban mutum, wanda in na faɗi sunansa duk za ku ce kun san shi, ya kwashi kusan duk abin da ke filin a farkon wata kaka, ya ce in kwantenarsa ta tashi zai biya. Ɗan uwana ya ji kunyar ya ce a'a, kuma ya yi murna da babban ciniki. Kaka ta wuce, rani ya shiga. In ya je ofis a ce Alhaji ya yi tafiya, in ya same shi a masallaci ba ya iya tayar da maganar a gaban jama'a. Masana'antu kuwa ba sa ba shi bashi, kuɗi hannu ne. Sai da ya sallami yara biyu, ya sa motarsa a kasuwa, Allah ya sa ba a taya da daraja ba. An biya shi daga baya, guntu-guntu, bayan kuɗin sun rage daraja. Abin da ya ce mini shi ne ƙaramin mai tireda in ya ci bashinka kana iya zama a bakin shagonsa har ya biya, amma wanda ya fi ka ƙarfi ko ƙofarsa ba za ka wuce ba. Yanzu kowa rabi yake bayarwa kafin a ɗora, sauran kafin a sauke. Ya rasa masu saye biyu ko uku a kan haka, kuma bai yi da-na-sani ba.

Na taɓa gaya masa cewa a Amurka akwai kamfanin Kamps, wanda Bernie Kamps ya fara a 1973 a garin Grand Rapids na jihar Mishigan da ƙaramin ciniki na tsofaffin falet, yau kuma yana cikin manyan masu wannan harka a ƙasar. Ya saurara da kyau, sannan ya ce abin da ya fi so ya sani shi ne yadda mutumin ya riƙe yaransa. Wannan ce damuwarsa ta kullum. Yaro in ya iya rabewa, ya san ƙofofi, ya san masu saye, to ya iya sana'ar, kuma babu abin da zai hana shi buɗe tasa. Biyu sun riga sun tafi. Na farkon ya ji zafinsa. Na biyun shi da kansa ya ba shi lodin farko bashi, suka raba unguwanni, yanzu in wani ya sami odar da ta fi ƙarfinsa sai ya kira ɗaya su haɗa. Ni a ganina wannan ta fi, don yadda ubangidansa na Na'ibawa ya yaye shi, haka shi ma dole ya yaye wasu.

Malam, ka taɓa yi mini zancen ɗanka da ya gama sakandare yana zaune. In yana so, zan kai shi. Amma ka gaya masa gaskiya: watannin farko zare ƙusa ne da ɗaukar katako a rana. Ya zo da takalmi mai tauri rufaffe da safar hannu, kuma ka kai shi a yi masa allurar tetanus kafin ya fara, don tsatsar ƙusa a tafin ƙafa ita ce ciwon wannan aiki. In ya jure har ya iya karanta tambari ya kuma gane katako da hanci, ya sami abin da ba a ƙwace wa mutum.

Abin da ke gabansa yanzu shi ne ɗakin gasa katako. Masu fitar da riɗi zuwa Japan da Turkiyya, da masu kai zoɓo Meziko, wasunsu masu sayensu suna so kaya su je a kan falet, kuma dole ya zama mai tambari. A nan ne gyararren falet ke tsayawa. Ƙa'idar ta ce in abin da ka canza bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, gyara ne, amma allon da ka sa shi ma sai gasasshe. In ya wuce haka, sabon haɗi ne, sai a goge tsohon tambari a sake gasa shi duka a buga sabo. Tambarin kuwa ba kowa ke bugawa ba, sai wanda hukumar killace kayan gona ta Najeriya, NAQS, ta amince masa ta ba shi lamba. Wani ya taɓa ba shi shawarar ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙarfen tambari ya riƙa ƙonawa da kansa. Ya ƙi, don in aka kama ƙwaro a tashar wata ƙasa, kwantenar bawan Allah ce za a tsare ko a juyo da ita, sunan kayan Najeriya kuma ya ƙara ɓaci.

Yana so ya yi na gaskiya: ɗaki mai rufi, tukunyar zafi da za ta ci guntayen katakonsa, na'urar auna zafin tsakiyar gungume, da takardun hukuma. Kuɗin suna da yawa, wani banki kuma ya nuna zai ba shi. Da ya nemi shawarata na ce kada ya karɓa tukuna. Masu fitar da kaya da suka yi masa alkawari da baki suka yi, ya kuma riga ya ga abin da alkawarin baki ke jawowa. Ga falet na roba yana shigowa kamfanonin abinci da magani, wanda ba ya buƙatar gashi ko tambari, ko da yake tsadarsa ta sa ba a barinsa ya tafi da kaya. Na ce ya fara zuba kuɗinsa a rumfar kwano da daɓen siminti, don abin da damina ke ci masa duk shekara asara ce da yake gani da idonsa. In mutum uku daga cikin masu riɗin suka sa hannu a takarda cewa za su riƙa ɗauka duk kaka, da adadi, sai a koma maganar ɗakin gashi, kuma a nemi wanda zai shiga da jari a raba riba maimakon kuɗin ruwa. Alhaji, kai ne ka san mutanen Dawanau fiye da mu duka. In akwai wanda kake ganin maganarsa ɗaya ce a cikinsu, ka gaya mini kafin Juma'a, in haɗa su su zauna.